Ba a Mugun Sarki Sai Mugun Bafade? Sharhi a Kan Littattafan Jacques Foccart

Duk wanda ya bi ta tsakiyar birnin Landan, in ya ratse wani ɗan titi da ake kira Carlton Gardens, zai ga mutum-mutumin wani dogon soja a tsaye, daura da gida mai lamba 4. Janar Charles de Gaulle ke nan, gidan kuma shi ne hedikwatarsa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoto su wuce. Ni kuwa duk ranar da hanya ta bi da ni ta wurin, wanda yake faɗo mini a rai shi ne wani yaronsa da ba a kafa wa gunki a nan ba, wanda bai taɓa zama minista ba, amma shugabannin Afirka da dama sun fi sanin lambar wayarsa a kan ta ministocin Faransa. Sunansa Jacques Foccart, ana furta shi Fokar.

Dalilin wannan sharhi shi ne littattafai bakwai da ya bari. Biyu daga ciki hira ce da ɗan jarida Philippe Gaillard ya yi da shi, aka sa mata suna Foccart parle, wato Foccart ya yi magana. Juzu'i na farko ya fito a 1995, na biyu a 1997, shekarar da ya rasu. Sauran biyar ɗin su ne Journal de l'Élysée, kundin bayanan yau da kullum da ya riƙa ɗauka a rikoda daga 1965 zuwa 1974, aka buga su tsakanin 1997 da 2001. Duka da Faransanci suke, shi ya sa mai karatu na Kano ko Zariya bai cika jin labarinsu ba, alhali akwai shafuka a cikinsu da suka shafi yaƙin da iyayenmu da kakanninmu suka yi.

An haifi Foccart a 1913 a yankin Mayenne da ke yammacin Faransa. Mahaifinsa mai gonar ayaba ne a tsibirin Guadeloupe, a can kuma ya yi farkon ƙuruciyarsa. Sana'arsa ta asali fatauci ce, yana da kamfanin shigo da kaya da fitarwa mai suna Safiex. Da Jamus ta mamaye Faransa ya shiga ƙungiyoyin gwagwarmaya na ɓoye, daga bisani a 1944 ya iso Landan ya shiga hukumar leƙen asirin De Gaulle. Bayan yaƙi ya bi Janar ɗin cikin siyasa, har ya zama babban sakataren jam'iyyarsa ta RPF a 1954, lokacin da jam'iyyar take mutuwa, mabiya suna ta watsewa. Wannan riƙon amana na lokacin wuya shi ne jarinsa. Da De Gaulle ya dawo mulki a 1958, sai ya ɗauko shi, a 1960 kuma ya naɗa shi babban sakatare a fadar shugaban ƙasa, muƙamin da ya rikiɗe ya zama na harkokin Afirka da Madagaska. Ya riƙe shi har 1974, in ban da 'yan makonni a 1969 da shugaban riƙo Alain Poher ya sallame shi, Georges Pompidou ya dawo da shi.

Kafin a fahimci abin da ya yi a wannan ofis, sai an koma gidan nan na Landan. A watan Yunin 1940, da De Gaulle ya yi jawabinsa a rediyon BBC yana kiran Faransawa kada su miƙa wuya, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa da yake mulka. Baƙo ne a hannun Ingila, abin da Churchill ya ba shi da shi yake motsi. Afirka ce ta fitar da shi kunya. A watan Agusta gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya yi masa mubaya'a, Kamaru da Kongo suka biyo baya, Brazzaville ta zama babban birnin Faransarsa. Gabon kuwa ta ƙi, sai da aka yi yaƙi a watan Nuwamba, Bafaranshe ya harbi Bafaranshe, kafin Libreville ta faɗo hannunsa. Darasin da De Gaulle da mutanensa suka ɗauka daga wannan shekara shi ne, Faransa ba ta da nauyi a gaban Ingila da Amurka sai in tana da Afirka a bayanta. Saboda haka da aka zo ba da 'yancin kai a 1960, an ba da tuta da taken ƙasa, aka riƙe kuɗin sefa, da sansanonin soja, da yarjejeniyar tsaro, da fifiko a kan ma'adinai. Aikin Foccart shi ne tsaron wannan abin da aka riƙe.

Gabon ita ce inda aikin ya fi fitowa fili. Ƙasa ce mai ƙarancin jama'a da yawan arziki: katako, man fetur a gaɓar Port-Gentil, manganis a Moanda, yuraniyom a Mounana. Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a 1960, tana buƙatar yuraniyom. Aljeriya ta kuɓuce mata a 1962, tana buƙatar wata rijiyar mai. A daren 17 ga Fabrairun 1964 wasu ƙananan hafsoshi suka kama Shugaba Léon Mba, wanda ya rushe majalisa yana neman mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya, suka ɗora abokin hamayyarsa Jean-Hilaire Aubame. Cikin kwana biyu sojojin Faransa suka sauka daga Dakar da Brazzaville, aka yi ɓarin wuta a barikin Libreville, aka mayar da Mba kan kujerarsa. Yarjejeniyar tsaro ta ce sai gwamnatin Gabon ta nemi taimako. Masu tarihi sun nuna cewa takardar neman taimakon, mataimakin shugaban ƙasa Paul-Marie Yembit ya sa mata hannu ne bayan an riga an yanke shawara a Paris. Aubame ya tafi kurkuku, bai fito ba sai 1972.

Bayan wannan sai ciwon daji ya kwantar da Mba a asibiti a Paris, aka shiga neman magaji. A nan Foccart bai ɓoye hannunsa ba. Da bakinsa ya ba da labarin yadda ya zauna da wani matashi, shugaban ma'aikatan fadar Mba, Albert-Bernard Bongo, ya auna hankalinsa ya ga ya yi. Aka gyara tsarin mulki yadda mataimaki zai gaji shugaba kai tsaye, aka yi zaɓe a watan Maris na 1967 ɗan takara yana kwance a Paris, ya yi rantsuwar kama aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke can. Mba ya rasu a ƙarshen Nuwamba, Bongo ya hau yana da shekara 31. Shi ne wanda ya musulunta a 1973 ya koma Omar Bongo, ya yi mulki har ya rasu a 2009, ɗansa Ali ya gaje shi har zuwa juyin mulkin Agustan 2023. Shekara hamsin da shida gida ɗaya yana mulkin ƙasa, farkon zancen kuma wata ganawa ce da wani ma'aikacin fada ya yi a Paris. Abin da ya fi ba ni mamaki a karatun wannan wuri shi ne natsuwar mai ba da labarin. Yana faɗa kamar wanda yake bayanin yadda ya ɗauki akawu aiki a kamfaninsa.

Yanzu bari mu zo inda abin ya shafe mu. Ruwa ba ya tsami banza: tsakanin Najeriya da De Gaulle akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya. A watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas saboda gwajin bam da Faransa take yi a hamadar Sahara. Ban da wannan, Najeriya ƙatuwar ƙasa ce mai jin Ingilishi a tsakiyar ƙananan ƙasashen da Faransa ta raina, ga kuma man fetur a yankin gabas inda kamfanin Faransa na Safrap yake da rijiyoyi. Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, babban aminin Foccart, shi ma yana tsoron girman Najeriya. Da Ojukwu ya yi shelar Biyafara a watan Mayun 1967, yaƙi ya ɓarke a Yuli, sai duk waɗannan dalilai suka haɗu wuri ɗaya. Foccart da kansa ya ruwaito cewa ra'ayin De Gaulle shi ne rarrabuwar Najeriya abu ne da Faransa za ta so.

A watan Mayun 1968 Gabon da Kwaddibuwa suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa, ban da Tanzaniya da Zambiya da suka yi hakan don nasu dalilan. A ƙarshen Yuli gwamnatin Faransa ta fito fili ta goyi bayan 'yancin Biyafara na zaɓar makomarta, amma har yaƙin ya ƙare ba ta amince da ita a hukumance ba. Taimakon ya bi ta bayan gida. Libreville ta zama tashar jiragen dare, jakadan Faransa a can, Maurice Delauney, yana lura da lamarin, makamai suna tashi zuwa filin jirgin Uli. Ta wannan birni kuma aka riƙa kai abinci da magani, aka kwaso dubban yara masu fama da yunwa. A ɗaya ɓangaren Landan, ƙarƙashin Harold Wilson, tana sayar wa gwamnatin Gowon makamai, Tarayyar Sobiyet tana ba ta jirage. Tsohuwar gasar Ingila da Faransa ce ta dawo, filin wasan kuma ƙasarmu.

Adalci ya wajaba a nan. Wahalar da Inyamurai suka sha gaskiya ce. Kisan da aka yi musu a garuruwan Arewa a 1966, bayan juyin mulkin Janairu da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, abu ne da ya faru, yunwar da ta kashe yara a lokacin yaƙi ita ma ta faru, kuma ba Foccart ne ya ƙirƙiro su ba. Likitocin Faransa da suka shiga yankin don ceton rai da yawansu da zuciya ɗaya suka je. Tuhumar da nake yi ita ce wannan: a rabin ƙarshe na 1968, bayan Fatakwal da Aba da Owerri sun faɗi, yaƙin ya kusa ƙarewa. Makaman da suka shigo ta Libreville sun isa su hana Biyafara faɗuwa, ba su isa su ba ta nasara ba. Aka ƙara fiye da shekara ana mutuwa, har Janairun 1970 da Ojukwu ya hau jirgi ya nufi Kwaddibuwa. Mai karatu zai bi shafukan kundin na waɗannan watanni ya ga ganawa, da saƙonni, da lissafin abin da za a aika da wanda zai biya. Ni dai ban ci karo da wurin da marubucin ya tsaya ya tambayi kansa ko rayuka nawa wannan jinkiri ya ci ba, na Inyamurai da na sojojin tarayya, waɗanda da yawansu 'ya'yan talakawan Arewa ne da aka ɗauka daga kasuwa da gona.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar kuwa, labarin ya faro tun kafin 'yancin kai. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumban 1958, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka nemi a ce a'a, a karɓi 'yanci nan take kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Paris ta turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, aka juya sarakuna, aka matsa wa 'yan Sawaba, sakamako ya fito da i. Djibo ya sauka, Diori Hamani ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba. A wannan lokaci Foccart yana gefen De Gaulle a matsayin mai ba shi shawara kan ƙasashen ƙetare. Sai dai Diori bai zama ɗan amshin shata ba kamar yadda aka so. A yaƙin Biyafara ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, domin ya san abin da ya haɗa Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Kano, ya fi ƙarfin abin da za a faɗa masa daga Paris. A Yamai aka yi zaman sulhu na Yulin 1968. Daga baya, da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, farashin mai kuma ya tashi a 1973, sai ya nemi a ƙara wa Nijar kuɗin ma'adininta.

Ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da shi. Akwai sojojin Faransa a Yamai, akwai yarjejeniyar tsaro, amma ba wanda ya motsa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa Faransa ce ta shirya juyin saboda maganar yuraniyom. Amma fari da yunwar shekarun nan, da zargin karkatar da kayan agaji, da fushin sojoji, sun isa su kayar da gwamnati, Kountché kuma bai daɗe ba ya sallami sojojin Faransa daga ƙasar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kwanan wata. Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu, kwana goma sha uku kafin juyin. Wanda yake riƙon ƙwarya a fada shi ne Poher, mutumin da ya taɓa korar Foccart. Wanda ya mayar da Léon Mba kan mulki cikin kwana biyu, ga shi a ofishinsa, da wayoyinsa da mutanensa, amma babu sarkin da zai ce masa je ka. A watan Mayu Giscard d'Estaing ya ci zaɓe ya sallame shi.

Wannan ya kawo ni ga karin maganar da na sa a kan wannan sharhi. Hausawa kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Haka Faransawa da yawa suka so a karanta tarihin Foccart. Littafin da Pierre Péan ya rubuta a kansa a 1990 sunansa ma Mutumin Inuwa. Wannan suna yana da daɗin ji, yana kuma da amfani ga masu son De Gaulle: Janar ya tsaya a haske, gwarzon da ya 'yantar da ƙasarsa ya kuma ba Afirka 'yanci, ƙazantar kuwa a bar ta a kan wani ɗan kasuwa mai son aikin ɓoye. Babbar fa'idar kundin Foccart, ko da bai yi nufin haka ba, ita ce ya rushe wannan rabo. Juzu'in farko sunansa Kowace Yamma Tare da De Gaulle, kuma abin da ke ciki ke nan. Kusan kullum da yamma yakan shiga ofishin Janar da takardunsa, ya karanta rahoto, ya kawo shawara, Janar ya amince ko ya ƙi, wani lokaci ya yi masa faɗa. Za ka ga sarki yana tambayar ƙananan abubuwa, yana raina wannan shugaba yana yaba wancan, yana gajiya da yawan baƙi daga Afirka. Bafaden yana da wayo, yana kuma san lokacin da zai kawo magana da yadda zai jera ta. Amma sarki ya sani, kuma shi yake sa hannu.

Ta fuskar rubutu, littattafan biyu ba ɗaya suke ba. Foccart parle maganar tsoho ce mai shekara tamanin da 'yan kai, wanda ya san tarihi zai yi masa hisabi, ya zauna ya shirya amsoshinsa. Yana da daɗin karatu, Gaillard kuma ya san fagen, yana yin tambayoyin da suka kamata. Sai dai duk inda tambaya ta kusanci jini, amsar takan gajarce, ko a tura ka ga wata hukuma, ko a ce abin ya wuce ba da saninsa ba. Kundin kuwa ya fi nauyi, ya fi gundura, ya kuma fi amfani. Akwai maimaici, akwai dogayen shafuka kan rigimar 'yan jam'iyya da rabon kujerun zaɓe a Faransa waɗanda ba su dami mai karatu na Afirka ba. Amma da yake a ranar da abu ya faru ake ɗaukarsa, mai maganar bai san yadda gobe za ta kasance ba, saboda haka bai iya gyara komai don ya dace da ita ba. Duk da haka kada a manta, mutumin da ya koyi aiki a hukumar leƙen asiri ya san abin da ba a faɗa wa rikoda, kuma an tace rubutun kafin a buga.

Babban raunin littattafan bakwai ɗin shi ne Afirkar da ke cikinsu ba ta da jama'a. Akwai shugabanni, da matansu, da ciwonsu, da 'ya'yansu da ake nema wa makaranta a Paris, da buƙatunsu na kuɗi. Babu mai saran katako a dajin Gabon, babu ɗan Sawaba da aka ɗaure, babu manomin gyaɗa na Tasawa. Foccart yakan nuna cewa yana ƙaunar Afirka, kuma na yarda yana ƙaunar mutum ashirin ko talatin da ya sani a cikinta. A wajensa ƙasa ita ce mutumin da ke kan kujera, zaman lafiya kuma shi ne mutumin nan ya kwana a kan kujerarsa.

Akwai kuma abin da zai yi wa mai karatu ɗan Afirka ɗaci fiye da wannan. Da ɗan gari akan ci gari. A shafi bayan shafi, shugabanninmu ne suke bugo waya, su suke neman a turo soja, a biya albashin wata, a sa ido a kan ɗan adawa da ke gudun hijira, a taimaka a kan maƙwabci. Houphouët ya fi Foccart zafi a kan Biyafara. Bongo kuwa, da ya ƙware, sai da ta kai 'yan siyasar Paris ne suke zuwa gaishe shi a Libreville. Wanda ya karanta waɗannan littattafai ya fito da cewa Bature ɗaya ne ya yi mana duk wannan, bai karanta su da kyau ba, kuma ya sauke wa namu shugabannin kayan da ya kamata su ɗauka.

Foccart ya dawo aiki sau biyu a hannun Jacques Chirac, a 1986 da kuma 1995, ya rasu a watan Maris na 1997. Shekara guda bayan haka François-Xavier Verschave ya fitar da littafinsa La Françafrique, sunan da ya zama laƙabin wannan tsari gaba ɗaya. A Disambar 2023 sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar, jama'a suka yi murna a titunan Yamai. Murnar tana da dalili. Amma ofishi irin na Foccart kowace babbar ƙasa tana iya buɗe shi, da kowane harshe, muddin akwai shugaban da ya fi amincewa da wayar waje a kan ƙuri'ar mutanensa.

Roƙona ga marubutanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, waɗanda Allah Ya ba su Faransanci da Hausa a baki ɗaya, shi ne su ɗauki shafukan da suka shafi Biyafara da Diori da Gabon su mayar mana da su Hausa, ko da a taƙaice, tare da bayanin abin da marubucin ya tsallake. Na wannan gefen iyaka sun san yaƙin basasa daga bakin tsofaffin sojoji da rediyon Kaduna, na wancan gefen sun san Sawaba daga bakin iyayensu. Kowannenmu yana riƙe da rabin labari, kuma kusan kullum da yamma mutum ɗaya ne yake shiga ofishi ɗaya da takardun ƙasashen biyu a hammatarsa.